Gaɗali a Gwangwani: Hakkin Wanda Ba Ya Kuka

A yawancin gidajen haya na Tireshbil da Ajame, cikin birnin Abijan, tsakar gida ɗaya ce ga kowa. Ɗakuna goma ko fiye sun kewaye ta, ƙofa tana kallon ƙofa, famfo ɗaya, igiyar shanya ta ratsa daga wannan bango zuwa wancan. Babu wurin lambu a irin wannan gida, gama siminti ya rufe ƙasa, inda bai rufe ba kuwa ƙafafun yara sun daɓe. Duk da haka wanda ya dubi lungu da kyau, bayan randa ko gindin katanga, yakan ga wani tsohon gwangwanin fenti ko fasasshen bokiti cike da ƙasa, da waɗansu ganyaye masu kama da na albasa sun langaɓe a bakinsa. Daga Disamba har Maris ba mai waiwayarsa. Wata rana ruwan wanke-wanke ya fantsamo masa, wata rana kaza ta tone shi. Sa'an nan ruwan Afrilu ko na Mayu ya sauka, sai a wayi gari a ga kara ya miƙe daga tsakiya, a kansa manyan furanni farare masu jan zane. Matan gida su tsaya da tsintsiya a hannu suna kallo, wata ta ce, "Ikon Allah! Wannan abu ba ruwansa da wahalar kowa."

Maganar nan tata ita ce abin dubawa. Shin akwai abu mai rai wanda ba ya bukatar a kula da shi? In kuwa akwai wanda ba ya roƙo, ba ya kuka, ba ya kai ƙara, daidai ne a rage masa rabonsa a ba masu kuka? Tambayar ta taso daga gwangwani, amma za ta shiga ɗakunan da suka kewaye shi, domin a cikinsu akwai magidanta da yawa waɗanda suka bar iyali a ƙasar Hausa, suna kuma yi musu irin yabon da matar nan ta yi wa fure.

Bahaushe ya daɗe da sanin tsire-tsiren nan. Mai fari da jan zane ita ce albasar kwaɗi. Akwai hatsin manoma, wanda farin furensa yake fitowa da ruwan farko, kamar yana gaya wa manomi ya ɗauko sungumi. Akwai albasar kura, akwai rumana, da yawansu kuma ana haɗa su a suna ɗaya a ce gaɗali. Turawa suna da nasu, waɗanda suke binnewa in sanyi ya wuce domin su yi fure a watannin ɗumi, daga Yuni zuwa Agusta, babban kirarin da masu sayar da su suke yi musu kuwa shi ne ba su da wahala: a binne, a manta, a sha kallo. Irin rumanan da aka ɗauka daga kudancin Afirka a farkon ƙarni na 19 yana cikin kakannin furen da ake kira giladiyolas a lambunan Turai. A biranen bakin teku kamar Abijan kuma akwai waɗanda asalinsu daga nahiyar Amurka suke, kamar ɗan ƙaramin nan mai ruwan hoda wanda yake buɗewa kwana kaɗan bayan an yi ruwa mai yawa.

Kirarin ba ƙarya ba ne. Wanda yake so ya dasa, ya huda gindin gwangwani da ƙusa wuri huɗu ko biyar, ya gauraya ƙasa da yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ƙananan kawuna a binne su zurfin tsayinsu sau biyu ko uku. Albasar kwaɗi kuwa a bar wuyanta a waje. A ajiye inda ranar safe take faɗawa. Shi ke nan, ba yayyafi kullum, ba nome ciyawa, ba feshi. Gargaɗi ɗaya ne: yawancinsu suna da dafi, kada a bari yaro ya ɗauka albasar miya ce, kada kuma akuya ta kai baki. Waɗansu mutane suna dasa gaɗali saboda camfi, wai yana jawo kasuwa ko farin jini. Wannan aikin banza ne, amma akwai abin lura a cikinsa: mutumin da ya gaskata gaɗali ne yake kawo masa ciniki ba ya manta da shi ko na yini ɗaya. Ashe mantuwa ba ta faɗa wa abin da mutum yake tsoron rasawa.

Me ya sa tsiron nan yake iya jure watsi haka? Ba wanda ya kamata ya fi sanin amsar kamar 'yan albasa na Ajame, gama sana'arsu ke nan. Albasar Galmi ana nomanta da rani a fadamun Galmi da Madawa da kewayen Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa. Masu karatu da yawa sun san Galmi saboda asibitin mishan na SIM da aka buɗe a can a 1950, amma a kasuwannin bakin teku da albasa aka san sunan. Ana loda buhunanta a manyan motoci, hanyar da aka daɗe ana bi kuwa ita ce Dosso, Yamai, Wagadugu, Bobo-Julaso, Buwake, har Abijan, fiye da kilomita 2,000. Kwanaki tana hanya cikin zafi, ba ruwa, ba ƙasa, amma a sauke ta a Ajame tana da rai, har in ta ji danshin teku sai ta fara toho a cikin buhu, mai kaya yana ta cizon yatsa.

In aka raba albasa biyu da wuƙa za a ga dalili. Zobe ne cikin zobe, kowane zobe gindin ganye ne da ya kumbura da abinci, can tsakiya kuma ga ɗan toho yana barci. Lawashi ne ya tara abincin nan. Wata uku ko huɗu ganyen yana shan rana, manomi yana ban ruwa ba fashi, abin da ganye ya sarrafa yana gangarawa ƙasa ana ajiyewa. Watau kan albasa rumbu ne. A sanyin 1944 zuwa 1945, sa'ad da yaƙi ya hana abinci shiga biranen yammacin Holan, mutane sun ci kawunan furen tulif domin su rayu, gama abinci ne tsiron ya ɓoye wa kansa. Manomin Galmi ya san sauran labarin. In yana son iri, sai ya zaɓi kawuna masu kyau ya ajiye a rudu, ya sāke dasa su in lokaci ya yi, su fid da kara, su yi fure, su ba da baƙin iri. Bayan ya girbe irin, in ya tone gindin sai ya tarar ya motse, ba mai sayensa ko da kyauta. Furen ya cinye rumbu.

Gaɗali ya bambanta da albasar miya a wuri ɗaya: yana iya sāke cika rumbunsa kowace shekara, muddin an bar masa ganyensa. Bayan fure ya faɗi, makonnin da ganyen yake tsaye, ba kyau, ba ƙanshi, har ya fara rawaya, a cikinsu ne ake tara furen baɗi. Wanda ya ce ganyen ya ɓata masa tsakar gida, ya sa wuƙa ya yanke, ba zai ga laifinsa nan da nan ba. Baɗi ma zai sami fure, ko da yake ƙarami. Baɗin baɗaɗa ganye kaɗai zai fito. Wata shekara kuma ruwa ya sauka, a jira, shiru, a tone gwangwani a tarar da ɓawo. Haɗarin tsiro mai jimiri ke nan. Alayyafo in an hana shi ruwa da safe, kafin la'asar ya kwanta ya tona asirin mai shi. Gaɗali ba ya tona asirin kowa, saboda haka ba wata rana da mutum zai nuna ya ce, ran nan na kashe shi.

Yanzu a bar gwangwani a shiga ɗakunan. Faransawa sun mai da Abijan babban birnin Kwaddibuwa a 1934. Su suka zauna a kan tudun da ake kira Filato, ma'aikata baƙaƙe kuwa suka taru a Tireshbil, kudu, hayin tafki, da Ajame a arewa. Da aka buɗe mashigin Biridi a 1950 manyan jiragen ruwa suka sami shiga tafkin, aiki ya yawaita, baƙi suka kwararo. Layin dogon da aka sa wa suna Abijan-Nijar ya kai Wagadugu a 1954, bai kuwa taɓa kai Nijar ba, amma mutanen Nijar sun kai kansu gare shi. A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim a kan samarin Nijar masu neman aikin yini a Tireshbil, a cikinsu har da Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama mai shirya fim da kansa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka ƙara turo mutane, musamman Adarawa. Suka kama albasa, da katako, da gasa nama. Har abincin nan na acake da soyayyen kifi, wanda leburori da 'yan makarantar Abijan suke cika ciki da shi, sunan Bahaushe ne ya bi shi, garba, saboda 'yan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi. Ba wanda ya zo don shaƙatawa. Yunwa ce ta kawo su, da son rufa wa gida asiri, ya kamata a faɗi wannan tun kafin a ɗora wa kowa laifi.

A ɗauki ɗaya daga cikinsu, ba sai da suna ba, gama irinsa suna da yawa. Ya sauka a tashar Ajame yana ɗan shekara ashirin, ya yi dakon buhuna, ya zama yaron dillali, ya zama mai rumfa. Ya koma gida ya yi aure, ya bar matar a wurin tsohuwarsa a wani ƙauyen Adar. Da fari duk damina yana can. Daga baya shekara biyu-biyu, sa'an nan uku, sa'an nan sai in an yi rasuwa. Ya yi wani aure a Abijan. In abokai suka tambaye shi labarin gida sai ya ce, "Uwargida ai ba ta da matsala. Mace ce mai haƙuri, ko ban aika ba ba za ka ji bakinta ba." Da gaske yake yabonta. Amma a duba yadda kuɗinsa suke fita. Mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa ƙarshen wata, a ba shi. Amarya tana tsaye da kwando da safe, a ba ta. Ƙanensa mai bugo waya duk mako yana ƙorafi, a tura masa don a huta. Abin da ya ragu, in ya ragu, shi ne na uwargida. In ya kira ta, sau ɗaya a wata biyu, sai ta ce, "Lahiya lau muke, maigida. Allah shi ba da sa'a." Shi kuwa ya karɓi maganar kamar rasit.

Kada mai bi ya ce wannan ciwon maƙwabta ne, masu mata biyu. Mai mace ɗaya ma yana yi. Akwai malamin makaranta, da soja, da direba, akwai kuma mai bishara wanda kowa a ikkilisiya yana da rabo a cikin lokacinsa sai matarsa da 'ya'yansa, don su ba sa kai shi ƙara wurin dattawa. A cikin gida ɗaya ma, ba tafiya ba komai, akwai yaron da ba ya rashin ji, ba ya faɗuwa jarrabawa, ba ya neman takalmi, har iyaye su shekara ba su tambaye shi abin da ke zuciyarsa ba, hankalinsu duka yana kan ɗan'uwansa mai tada ƙura.

Mutumin Ajame yana da hujja, ya kuwa cancanci a saurare shi. Zai ce hannunsa biyu ne, bukatu goma. A asibiti ma wanda jini yake zuba ake fara dubawa, mai ciwon kai ya jira. Wannan gaskiya ce ta yini ɗaya, ko ta wata ɗaya. Amma in mai ciwon kai ya shekara goma a kan benci ana tsallake shi, don kawai ba ya ihu, to, tsarin ya tashi daga taimakon gaggawa ya zama zalunci mai ladabi. Gidan da ake rabo bisa ga ƙarfin murya yana koyar da darasi ko da ba wanda ya buɗe baki: mai hayaniya yana ci, mai haƙuri yana biyan haraji. Yara suna da ido. Ɗiyar uwargida tana ganin abin da haƙurin uwarta ya saya mata, ranar da za ta shiga nata ɗaki kuwa ta riga ta yanke shawara ba za ta zama irinta ba. Sa'an nan tsofaffi su zauna suna mamakin yadda 'yan matan zamani ba su da haƙuri.

Zai kuma ce ai yana aikawa, in ba kullum ba, lokaci lokaci. Lalle ciyarwa wajibi ce, manzo Bulus ma ya yi magana mai zafi a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba. Yanzu kuwa aika kuɗi ya yi sauƙi ƙwarai, ba kamar dā ba da sai an jira mai tafiya gida a ɗaure masa a ƙyalle. Sai dai a tambaya, haƙurin nan da yake yabo, da me aka tara shi? Da tarbiyyar gidan iyayenta, da tsoron Allah, da damina uku ko huɗu na farkon aure sa'ad da yake dawowa daga gona su ci tuwo su yi hira, da daren da ya kwana a zaune yana riƙe da ɗansu mai zazzaɓi. Wannan ne rumbunta. Kowace shekara tana ɗiba daga ciki ta yi masa fure: ta kula da tsohuwarsa, ta rufe masa asiri a gaban dangi, ta ce wa yara babanku yana gaishe ku ko da bai gaishe su ba. Shi yana jin daɗin furen, bai kuwa zuba komai a rumbun ba tun shekaru. Rabinsa ma ba shi ya cika ba. Mai cin abin da wani ya tara, yana kuma kiran wannan sa'ar mace tagari, in da a kasuwa ne da 'yan'uwansa dillalai sun san sunan da za su kira shi.

Hujja ta uku ta fi wuyar taɓawa, domin tana sanye da rigar ibada: Allah yana nan, shi ne mai kiwon kowa. Mai bi zai tuna cewa Yesu ya nuna wa almajiransa furannin jeji, a Matiyu sura 6, waɗanda Allah yake ƙawata su ba da wahalarsu ba. Amma damuwa ce ake hanawa a wurin, watau mutum ya cinye zuciyarsa da tsoron gobe. Ba a ba kowa izini ya sauke nauyin da yake wuyansa ya ce Allah ya ɗauka ba. Allahn da yake ƙawata furen jeji ta wurin ruwa da rana da ganye yake yi, mace da yara kuwa ya ba su miji da uba. Bulus ya gargaɗi ma'aurata a Korantiyawa ta fari, sura 7, kada su ƙaurace wa juna sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci kuma. Maƙwabta Musulmi suna da irin wannan a wurinsu. Malamansu suna ba da labarin Halifa Umaru, wanda ya ji wata mace da dare tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, ya bincika tsawon lokacin da mace take iya jurewa, sa'an nan ya sa wa mayaƙa iyakar watanni kaɗan su koma gida. A fiƙihun Malikiyya kuma matar da miji ya tafi ya bari ba ciyarwa tana da ikon kai ƙara gaban alƙali. Abin lura a labarin Umaru shi ne, matar ba ta kai ƙara ba. Shi ne ya fita da dare ya ji.

A nan masu wa'azi suna da nasu laifi, na coci da na masallaci. Wa'azin haƙuri ya yi yawa a kan mata. A taron Zumuntar Mata, a wurin kai amarya, a bakin gwaggo da inna, magana ɗaya ce: yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba laifi, haƙuri abu ne mai daraja, yana kuma cikin 'ya'yan Ruhu. Amma wanda ya yi wa mai ɗauke da kaya wa'azin ƙarfin wuya shekara ashirin, bai taɓa juyawa ya ce wa mai ɗora kayan ya isa ba, ya zama abokin aikin mai ɗorawa ko bai sani ba.

Misalin ɗan da ya ɓace, a Luka sura 15, an saba karanta shi saboda ƙaramin. Babban kuwa ana wuce shi da zargin hassada, yana kuma da ita. Duk da haka ƙorafinsa irin na mai haƙuri ne wanda tura ta kai bango: shekaru yana aiki, bai taɓa ƙetare umarni ba, ba a taɓa yanka masa ko ɗan akuya ba. Abin da uban ya yi shi ne darasin magidanta. Bai aika bawa ya ce masa ya shigo ba. Ya bar biki, da baƙi, da kiɗa, ya fita waje wurin ɗan da bai taɓa ba shi wahala ba, ya tsaya yana lallashinsa.

Kwatanci yana da iyaka, mutum ba albasa ba ne. Gaɗali bai san an manta da shi ba, ba ya ƙirga shekaru, ba ya jin labarin cewa an saya wa gwangwanin maƙwabta taki. Mutum yana ji, yana ƙirgawa, ko da bai faɗa ba. Shiru-shiru ba tsoro ba ne. Ta wani gefen kuma mutum yana da baki, saboda haka wani zai ce laifin mai shiru ne, don me ba ta faɗa ba? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama wanda ya ɓoye ciwonsa har ya zama ƙiyayya bai kyauta wa kansa ko ɗan'uwansa ba. Sai dai a tuna wa ya koya mata shirun. Yarinyar da aka rena da cewa roƙon miji abin kunya ne, tana zaune a gidan surukai, wayar ma sau da yawa a hannun ƙanen miji take, ana tsaye a kanta tana magana, me za ta ce in ba lafiya lau ba? Nauyin tambaya yana kan wanda ya fi iko. Ya tambaya, ya sāke tambaya, ya kira sa'ad da take ita kaɗai, ya aiki ƙanwarsa ta je ta kwana biyu ta dubo rumbu da idonta. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuska kuwa ba a ganinta sai an je.

Kada kuma a ɗauka maganin watsi shi ne ambaliya. A Tawa ruwan shekara da ƙyar yake kai milimita 400, a Abijan kuwa yana kusan 2,000, saboda haka gaɗalin Tireshbil ruɓa ta fi kashe shi bisa ƙishi. Gwangwanin da ba a huda ba, ruwan Yuni ya kwanta a ciki, mako biyu ya isa. Akwai mijin da yake kira sau goma a yini saboda zargi, yana so ya san wa ya shigo, wa ya fita. Akwai uban da ya riƙe 'ya'yansa maza a rumfa har sun yi furfura, ba jari, ba rabo, wai ƙauna ce. Mai lambu ya san in 'ya'ya suka yi yawa a gindin uwa, suka matse, fure yakan ragu, sai an tone an raba kowa ya sami nasa gwangwani. Ya kuma san albasar kwaɗi ba ta son ƙaura: in aka sāke mata wuri takan yi shekara ɗaya ko biyu ba fure. Wanda ya ɗauko matarsa daga Adar ya kawo ta ɗaki ɗaya a Ajame, cikin masu Faransanci da Julanci, ba uwa, ba ƙawa, ya ga ta yi shiru ta rame, kada ya ce ba ta da godiya. Yaran da aka haifa a nan kuma, waɗanda Hausarsu ta karye, uba yakan dube su ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wataƙila. Amma yana fita kafin su tashi, yana dawowa sun yi barci, ruwan da suka sha na titi ne, halinsa kuwa suka yi.

Abin da tsiron yake nema kaɗan ne, amma a kan kari, ba a kuma tsallake shekara. Karin kuwa shi ne bayan fure, lokacin da ba abin kallo. Magidanci ba ya kasa zuwa biki ko suna, da shadda da tsaraba, gari ya san ya zo. Watannin da suke biyo baya su ne lokacin ganye: Yuli da Agusta, sa'ad da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, sauro ya yi yawa, yaro ya kwanta. Buhun gero ɗaya da ya iso a watan nan ba tare da an roƙa ba, ko wata ɗaya da mutum ya rufe rumfa ya je ya yi noma tare da iyalinsa, ya fi akwatin atamfa na ranar salla ko Kirsimati.

Ranar tone gwangwani takan zo. Kasuwar Tireshbil ta ƙone a 1997. A Satumba 2002 yaƙi ya raba ƙasar biyu, rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 kuma ya shigo har cikin unguwannin Abijan, baƙi suka sha wuya, da yawa suka koma gida da jaka ɗaya a hannu. Waɗansu sun tarar da gida yana jiransu, aka yi kuka, aka shimfiɗa tabarma, aka ce dukiya ta tafi amma kai ka dawo. Waɗansu sun tarar da abin da ya fi kora zafi. Ba faɗa, ba gori, ba maganar saki. Uwargida ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo tuwo a kan lokaci, ta koma ɗakinta. 'Ya'ya maza suka zo suka yi masa sannu da zuwa irin wadda ake yi wa baƙon limami. Ya zauna a zauren gidan da kuɗinsa suka gina, yana neman ranar da abin ya lalace, bai same ta ba.

Mutumin nan na Ajame bai kai can ba tukuna. Ƙura ta lafa, ya sāke kafa rumfa, furfura ta fito masa, yara suna ce masa Baba. Wata safiya cikin Yuli yana zaune a bakin ƙofarsa da littafin lissafi a cinya, sai ga ɗiyar maƙwabta tana share tsakar gida. Ta iso lungu, ta ga furen ya daɗe da faɗuwa, ganyen ya yi rawaya ya kwanta a kan siminti, ta ɗauko wuƙa.

"Bar shi, ɗiyata," in ji shi. "Kada ki yanke."

"Baba, ai ya mutu."

"Bai mutu ba. Yanzu ne yake cin abincinsa. In kin yanke, baɗi ba ki ganin komi. Jawo shi nan inda rana take."

Yarinyar ta jawo gwangwanin zuwa inda hasken safe yake faɗawa, ta ci gaba da shara. Shi kuma ya koma kan lissafinsa, buhu nawa suka iso, nawa suka ruɓe a hanya, nawa ne na mai mota. Wayarsa tana ajiye a gefen tabarma. Damina ta shida ke nan rabonsa da Adar.